Idan Laftof Ta Ce Ba Ta Ga Rumbun Ajiya Ba, Kada Ka Yi Saurin Sayen Sabo

Ranar wata Asabar da yamma ƙanena ya shigo mini gida a Agege, laftof a hammata, fuska ba annuri. Shi ne yake riƙe wa kawunmu lissafi a kasuwar Mile 12, inda Kawu ke dillancin albasa. Duk wanda ya ɗauki kaya bashi, daga matan da ke sari su kai Oyingbo da Ketu har masu gidajen abinci, sunansa da yawan buhunan da ya ɗauka da abin da ya rage a kansa duk suna cikin wannan laftof. A da littafi ake amfani da shi. Yaron nan ne ya yi ta lallashin Kawu har aka koma kwamfuta.

"Yaya, na shiga uku," in ji shi. "An ce komai ya tafi. Da wane baki zan gaya wa Kawu?"

Na ce ya zauna ya ba ni labari tun daga farko. Ashe ana cikin sabunta Windows aka ɗauke wuta, batir kuma ya ƙare, laftof ta mutu a tsakiyar aiki. Tun daga nan in an kunna sai ta nuna shuɗin allo ta sake kashe kanta. Ya kai ta wurin wani mai gyara a Ikeja, shi kuma ya ce sai an loda sabon Windows. Ya sa filashinsa, aka bi matakai har aka zo wurin da ake zaɓar inda za a zuba Windows ɗin, sai ga shafi wayam, babu ko layi ɗaya. Nan take mai gyara ya yanke hukunci: rumbun ajiya ya mutu, sai an sayi sabo, tsohon kuma ba shi da sauran amfani. Abin da ya ceci yaron shi ne kuɗin aljihunsa bai kai ba, ya ce zai je ya dawo.

Kafin sallar isha'i mun ga rumbun, lafiyarsa lau, lissafin Kawu yana nan ko sifili bai ɓace ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan bayani, domin na san cikin 'yan uwanmu da ke Legas, Ibadan, Fatakwal, Benin da Onitsha akwai masu shagon buga takardu, ɗalibai da masu riƙe wa iyayen gidansu lissafi da za su ci karo da irin wannan. Magana ɗaya nake so a riƙe: Windows ya ce bai ga rumbu ba, wannan ba ya nufin rumbun ya mutu.

Me ke ɓoye rumbun?

Rumbun ajiya shi ne abin da masu gyara ke kira hard disk, ko SSD a sababbin kwamfutoci. A nan Windows yake zaune, a nan hotunanka da takardunka suke. A yawancin laftof na yanzu ɗan siririn abu ne kamar cingam mai tsawo, ana kiran irinsa NVMe.

Daga ƙarshen shekarar 2020, lokacin da kamfanin Intel ya fitar da zubi na 11 na ƙwaƙwalwar laftof, kamfanoni da yawa suka riƙa fito da kwamfutocinsu da wani tsari a kunne mai suna VMD, wanda yake aiki tare da manhajar Intel Rapid Storage Technology, a taƙaice RST. Aikin VMD shi ne ya tsaya tsakanin rumbu da Windows, duk abin da zai shiga ko zai fita sai ta hannunsa.

Mu da muke zaune a Kudu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ɗauka ka sauka Legas yau, kayanka suna cikin sito, amma mai gadin sito Yarbanci kawai yake ji. Kaya na nan, ba a sace ba, ba su ruɓe ba, sai dai ba za ka kai gare su ba sai ka samu tafinta. To VMD shi ne mai gadin nan. Tafintan kuma wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake kira direba. Windows ɗin da ya zo da laftof daga kamfani yana da wannan direba a cikinsa, shi ya sa ba ka taɓa sanin akwai mai gadi ba. Amma filashin da ake loda Windows da shi sau da yawa ba ya ɗauke da direban, musamman in tsohon filashi ne da aka haɗa shekaru da suka wuce. Sai ya zo bakin sito, a kasa fahimtar juna, ya dawo ya rubuta maka cewa: "We couldn't find any drives."

Ba kowane mai gyara ne yake faɗin haka don cuta ba. Da yawansu sun koyi aiki ne a kan tsofaffin tokumbo, waɗanda in shafin nan ya fito wayam, to lallai akwai matsala a rumbun. Yanzu kuwa tokumbon da ke shigowa sun haɗa da zubi na 11 da na 12 da na sama da su. Ga shi kuma tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane sun yi ta kai kwamfutoci a mayar musu Windows 11. Ka ga dole wannan matsala ta yawaita.

Mataki na farko: tambayi BIOS

Kafin ka taɓa komai, ka jona caji, kuma ka tabbata batir ya cika, kada a maimaita abin da ya jawo matsalar tun farko. Sannan ka shiga BIOS, wato shafin saiti na kwamfutar kanta, wanda yake buɗewa tun kafin Windows ya tashi. Da zarar ka danna maɓallin kunnawa sai ka yi ta danna maɓallin shiga: F2 a yawancin Dell da Acer da Asus, F10 a HP, F1 a Lenovo ThinkPad, F2 a sauran Lenovo da yawa. A wasu sai ka haɗa da Fn.

A ciki ka nemi inda aka jera kayan da ke jikin kwamfutar, ko shafin Storage. In ka ga sunan rumbun da girmansa, misali 256GB ko 512GB, to ka yi ajiyar zuciya, kwamfuta tana ganin abinta, Windows ne kawai bai gani ba. Ka lura, in VMD na kunne, a wasu laftof sunan rumbun ba ya fitowa a shafin farko, sai ka shiga shafin da aka rubuta Intel Rapid Storage Technology. A nan muka ga namu. Na juya wa ƙanena allon na ce, "Karanta mini wannan." Ya karanta 512GB, sai na ga kafaɗunsa sun sauko.

Mataki na biyu: san zubin kwamfutarka

Masu sayarwa suna cewa "gen". Ana gane shi daga lambar da ke bayan i3, i5 ko i7, kuma BIOS yana nuna ta. In ka ga i5-8250U, zubi na 8 ke nan. In ka ga i5-1135G7, na 11 ne. i5-1235U na 12, i7-1355U na 13. In taka ta kai 11 ko sama, kuma BIOS yana ganin rumbun, to VMD shi ne abin zargi na farko. Laftof mai ƙwaƙwalwar AMD Ryzen ba ta da VMD, don haka nata sai a duba sauran dalilan da zan kawo a ƙasa.

Hanya ta ɗaya: kawo tafinta

Wannan ita ce hanyar da na fi so, domin ba ta canja komai a saitin kwamfutar. Kana bukatar wata kwamfuta mai aiki da ɗan data.

Ka duba ƙarƙashin laftof ɗin ka rubuta cikakkiyar lambar samfurinta. Ka shiga shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta, sashen direbobi, ka sa lambar, ka sauko da Intel Rapid Storage Technology. Ka ɗauko daga shafin kamfanin kansa, ka guji shafukan da ke cewa danna nan ka samu duk direbobi kyauta, don ta nan ake kwaso ƙwayoyin cuta.

Ga inda mutane ke yin kuskure. Abin da ka sauko yawanci fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .exe, kuma shafin loda Windows ba ya karanta shi a haka, sai an kwance shi kamar yadda ake kwance ƙunshi. Na wasu kamfanoni in ka buɗe za ka ga maɓallin Extract, shi za ka danna maimakon Install. In kuma na Intel ne kai tsaye mai suna SetupRST.exe, sai ka buɗe Command Prompt a cikin foldar da yake, ka rubuta SetupRST.exe -extractdrivers direba, zai zuba maka su a wata folda mai suna direba. Alamar ka yi daidai ita ce ka ga fayil mai suna iaStorVD.inf a ciki.

Ka kwafe foldar gaba ɗaya cikin filashin Windows ɗin. Tun da ka riga ka shiga shafin kamfanin, ka haɗa da direban Wi-Fi, domin wasu sababbin laftof in an gama lodi ba sa ganin intanet sai da shi. In kana da linzamin USB ka ajiye kusa, don a wasu wurin shafa yatsa ba ya aiki a lokacin lodi.

Sai ka koma kan laftof mai matsala, ka tayar da ita daga filashi, ka bi har shafin nan da ya fito wayam. Ka danna Load driver, sannan Browse, ka nuna masa foldar. Zai fito da sunan direban mai ɗauke da VMD, ka zaɓa ka ci gaba. In ya jero guda biyu, na farko bai yi ba, ka gwada na biyu. Cikin ƙasa da minti ɗaya rumbun zai bayyana da duk sassansa.

Hanya ta biyu: sallami mai gadin

In babu wata kwamfuta kusa, ana iya kashe VMD daga BIOS, sai Windows ya yi magana da rumbun kai tsaye. A Dell ana zuwa Storage a mayar da shi daga RAID On zuwa AHCI. A Asus ana shiga Advanced, a nemi VMD setup menu a kashe. A Lenovo da yawa yana ƙarƙashin Configuration. A wasu Acer a ɓoye yake, sai ka tsaya a shafin Main ka danna Ctrl da S tare kafin ya fito. Wasu laftof kuma sam ba a ba da damar kashe shi ba, dole sai hanya ta ɗaya.

Amma akwai gargaɗi uku. Na farko, tsohon Windows ɗin da ke ciki ya saba da mai gadi, in ka canja saitin ba zai tashi ba, zai nuna shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Kayanka ba su goge ba, in ka mayar da saitin yadda yake sai ya koma daidai, saboda haka ka ɗauki hoton shafin da wayarka kafin ka canja komai. Na biyu, in an rubuta Intel Optane a jikin laftof ɗin ko a BIOS, kada ka bi wannan hanya, domin irin wannan rumbu a kan RST yake tafiya. Na uku shi ne BitLocker, kuma shi ya fi cin mutane.

BitLocker kwaɗo ne da Windows ke sa wa rumbu don kada ɓarawo ya karanta abin da ke ciki. A sababbin kwamfutoci sau da yawa yana kunna kansa da zarar ka shiga da asusun Microsoft, ba tare da ka lura ba. In aka taɓa saitin BIOS yana iya neman mabuɗin ceto mai lambobi 48. Ana samunsa in ka shiga asusunka na Microsoft ta waya, a adireshin aka.ms/myrecoverykey. Ka duba ka rubuta shi a takarda tun kafin a fara aiki. Wanda ya sayi tokumbo ya ci gaba da amfani da Windows ɗin da ya tarar a ciki, mabuɗin na iya kasancewa a hannun mai ita na farko a Turai ko Amurka, kuma in kwaɗon ya rufe babu mai gyaran da zai buɗe shi.

Rumbu ya fito, kada ka yi gaggawa

Nan ne wuri mafi haɗari. Da rumbun ya bayyana, ƙanena ya kai hannu zai danna Format don murna, sai da na riƙe masa hannu. Format da Delete su ne suke share kaya da gaske. Duk wahalar da muka sha don lissafin Kawu ne, ba don Windows ba.

Ga dabarar da muka yi. A wannan shafin ka danna Shift da F10 tare, wani baƙin allo zai buɗe. Ka rubuta notepad ka danna Enter. In ya buɗe, ka je File, sannan Open, ka mayar da nau'in fayil zuwa All Files. Wannan 'yar tagar za ta zame maka hanyar shiga rumbun. Harafinsa na iya canjawa daga C zuwa D ko E, ka duba har ka ga foldar Users. A ciki za ka ga sunanka, da Desktop da Documents da Pictures. Ka sa wani filashi daban, ka riƙa danna dama kana Copy kana Paste. Ba zai nuna maka yadda kwafin ke tafiya ba, zai yi kamar ya daskare, ka yi haƙuri ka jira. In rumbun na kulle da BitLocker, sai an fara buɗe shi da lambobin nan 48 ta umarnin manage-bde a baƙin allon.

Sai da muka kai filashin kan tawa kwamfutar, muka buɗe fayil ɗin lissafi muka ga sunaye da lambobi da idonmu, sannan muka ci gaba da lodi. In ka zuba sabon Windows a sashen da tsohon yake ba tare da Format ba, yana tattara tsofaffin kayan a folda mai suna Windows.old. Taimako ne, amma kada ka dogara da shi, don Windows na iya share ta da kansa bayan kwana 10.

Saƙonni biyu masu kama da wannan

Akwai wanda ke fitowa tun da wuri yana cewa "A media driver your computer needs is missing". Wannan yawanci laifin filashin ne ko ramin da aka soka shi. Ka canja rami, in bai yi ba ka sake haɗa filashin da Media Creation Tool na Microsoft ko da Rufus, a kan filashi mai aƙalla 8GB. Filashin jabu sun yi yawa a kasuwa, suna nuna girman da ba su da shi, kuma suna lalata fayil ba ka sani ba.

Na biyu shi ne rumbu ya fito amma Windows ya ƙi shiga, yana maganar MBR da GPT. Waɗannan tsari biyu ne na raba rumbu, tsoho da sabo, kuma Windows 11 da GPT yake aiki. Maganin da za ka gani a bidiyoyi shi ne a buɗe diskpart a rubuta clean. Jama'a, clean yana share tsarin rumbun gaba ɗaya cikin daƙiƙa, ba ya tambaya ko ka tabbata. Kada ka rubuta shi, kada ka bari a rubuta maka, sai kayanka sun fita.

In BIOS ma bai gani ba fa?

To a nan ne za a fara zargin rumbun kansa, amma ko a nan ba a gama ba. Laftof da ke yawo a jaka cikin danfo da kan okada tana shan jijjiga, kuma SSD ɗan ƙaramin noti ɗaya ne yake riƙe da shi. A tokumbo ma wani lokaci notin babu shi. A kashe kwamfutar, a cire caji, a buɗe, a cire haɗin batir, a zare SSD a mayar da kyau. In har yanzu shiru, a sa shi a cikin 'yar akwatin USB da ake sayarwa don irinsa, a gwada a wata kwamfuta. Dell da HP suna da gwajin kansu: a Dell ka danna F12 lokacin kunnawa ka zaɓi Diagnostics, a HP ka danna Esc sannan F2. Sai an bi duk wannan ba a ga alama ba sannan za a ce ya mutu.

Abin da za ka ce wa mai gyara

Ba kowa zai iya yin wannan da hannunsa ba, kuma ba laifi ba ne a kai wa masu sana'ar. Amma ka je da tambayoyinka. Ka ce ya nuna maka BIOS ka gani da idonka ko rumbun na nan. Ka tambaye shi ko ya gwada direban RST ko ya duba VMD. Ka gaya masa ƙarara, tun kafin ya fara, cewa kada a yi Format sai an kwashe kaya. In kuma ta tabbata sai an canja, ka karɓi tsohon rumbunka ka tafi da shi gida. Hotunan iyalinka, takardun banki, hoton katin NIN, duk suna ciki, kuma abin da aka ce ya mutu yau yana iya tashi gobe a hannun wani. Mai gyara na gari ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Washegari muka je muka gaya wa Kawu duk abin da ya faru, har da misalin mai gadi da tafinta. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi ƙanena ya ce, "Ni dai littafina bai taɓa neman tafinta ba." Muka yi dariya, amma maganarsa na kan hanya. Yanzu duk ranar Juma'a yaron yana kwafe lissafin a filashi, ya tura wani kwafin Google Drive, a ƙarshen wata kuma ya buga a takarda ya kai wa Kawu ya ajiye a akwatinsa. Lambobin nan 48 ma mun rubuta su a bangon tsohon littafin.